Tsirrai Masu Ajiyar Ruwa: Lambun da Ba Ya Tsoron Rani

Gabatarwa

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, duk wanda ya ƙawata ƙofar gidansa da ciyawa da furanni a garuruwan arewacin Nijeriya da kudancin Nijar yakan shiga halin tsaka-mai-wuya. Shuke-shuken suna neman ban ruwa safe da yamma, alhali famfo ya yi shiru, ruwan rijiya ya ja baya, 'yan ga-ruwa kuma sun ƙara wa jarka kuɗi. Kafin a kai watan Afrilu, mafi yawan irin waɗannan lambuna, na gidaje da na makarantu da na ma'aikatu, sun koma faƙo, ba abin da ya rage a cikinsu sai tukwane da busassun karare.

Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalilin haka. A tsakiyar bazara, filin da ciyawa ta rufe yakan yi asarar ruwa mai zurfin milimita 6 zuwa 7 a kowace rana, wani ya tashi daga ƙasa, wani kuma ya fita ta ganye. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Ke nan fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana bukatar lita 600 zuwa 700 a kullum, wato jarka 24 zuwa 28 masu cin lita 25. Idan aka auna da lita 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a matsayin abin da zai ishi mutum ɗaya sha da girki da tsafta a yini, za a ga cewa wannan 'yar ciyawa tana shanye rabon mutum goma sha biyu ko fiye.

Ƙasar kuwa ba ta da wannan rarar. Kano tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, Sakkwato wajen 600 zuwa 700, Damagaram kusan 400, kuma kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata huɗu ko biyar. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun nuna cewa ko wannan ɗan abin ma ba shi da tabbas. Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar wa mai karatu da wani rukuni na tsirrai da suka daɗe da sanin makamar zama a irin wannan yanayi, ta bayyana hikimar da ke cikin halittarsu, sa'an nan ta nuna yadda za a kafa lambu da su ba tare da an shiga haƙƙin randar gida ba.

Waɗanne tsirrai ne?

Tsirrai masu ajiyar ruwa su ne waɗanda wani sashe na jikinsu ya yi kauri, ya cika da ruwa, ta yadda za su iya rayuwa tsawon watanni ba tare da sun sami ko ɗigo daga ƙasa ba. Masana sun lissafa fiye da nau'i 10,000, kuma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Sun fito daga dangogi masu yawa da ba su da kusanci da juna, wahalar rani ce ta sa suka yi kama. Akan kasa su gida uku bisa inda rumbun ruwan yake. Akwai masu ajiya a ganye, kamar kabar giwa da moda. Akwai masu ajiya a kara, kamar ƙerana da karan masallaci. Akwai kuma masu ajiya a gindi ko saiwa, kamar ƙarya. Ita kanta kuka, duk da girmanta, tana da wannan hali, domin kututturenta mai taushi cike yake da ruwa.

Tara ruwa abu ne, riƙe shi kuma wani abu ne dabam. Shuka irin ta yau da kullum takan zubar da kimanin kashi 97 cikin ɗari na ruwan da saiwarta ta tsotsa, ta wasu 'yan ƙofofi da ke fatar ganye, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. A ganyen wake ko na gyaɗa akan sami ɗaruruwan waɗannan ƙofofi a murabba'in milimita ɗaya, amma a jikin masu ajiyar ruwa 'yan gomomi ne kawai. Bugu da ƙari, fatarsu tana da kauri, lulluɓe da kakin da ke hana ruwa tsiyaya. Ruwan da ke ciki gauraye yake da yauƙi mai riƙe laima. Siffarsu ta dunƙule ko ta sanda tana rage faɗin jikin da rana da iska za su buga. Saiwoyin yawancinsu ba sa nitsawa can ƙasa, sukan bazu ne kusa da sama, don su cafke ko da yayyafi ne kafin ya bushe.

Ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Mutane da yawa sukan kira duk wani tsiro mai kaurin kara da ƙaya kaktus. Asalin dangin kaktus kuwa nahiyar Amurka ne, in ban da nau'i ɗaya tak da ake samu a dazuzzukan Afirka da Siri Lanka. Ƙerana da tinya da aguwa 'yan wani dangi ne da masana ke kira Euphorbia. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce, idan aka karce jikin ɗan Euphorbia, farin ruwa mai kama da madara zai fito, abin da ba a gani a jikin mafi yawan kaktus.

Numfashin dare

Babbar hikimar waɗannan tsirrai tana cikin yadda suke haɗa abinci. Kowane tsiro mai launin kore yana ɗaukar iskar kabon-dayoksaid ta 'yan ƙofofin nan, ya haɗa ta da ruwa, ya yi amfani da hasken rana ya mai da su sukari. Matsalar ita ce, ƙofar da iska ke shiga ta nan ne ruwa ke fita. Tun da yake hasken rana ake bukata, yawancin tsirrai suna buɗe ƙofofinsu ne da rana, daidai lokacin da zafi ya tsananta, iska kuma ta bushe.

A 1804 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Nicolas-Théodore de Saussure ya lura cewa wani nau'in kaktus yana saɓa wa wannan ƙa'ida, domin da dare yake zuƙar iskar. Bayan 'yan shekaru, wani likita Bajamushe da ke aiki a Indiya, Benjamin Heyne, ya ɗanɗana ganyen wani tsiro mai kaurin ganye, ya ji shi da tsami ƙwarai da asuba, da rana ta yi sama kuma tsamin ya gushe. An buga bayaninsa a Landan a 1815. Wannan tsiro shi ne Kalanchoe pinnata, ɗan asalin tsibirin Madagaska, wanda 'ya'yansa ke tohowa a gefen ganye, kuma ana samunsa a gidaje da dama a Nijeriya.

Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka warware abin da waɗannan mutane biyu suka gani. Tsiron yakan buɗe ƙofofinsa da dare, lokacin da gari ya yi sanyi kuma iska ta ɗan yi laima. Iskar da ya zuƙa sai ya ɗaure ta cikin wani sinadari mai tsami da ake kira asid ɗin malik, ya tara shi a cikin 'yan jakunkunan ruwa na ƙwayoyin halittarsa. Wannan shi ne tsamin asuba. Da gari ya waye sai ya rufe ƙofofin ruf, ya riƙa kwance iskar daga cikin asid ɗin a hankali, yana haɗa sukari da hasken rana a bayan rufaffiyar ƙofa. Shi ya sa tsamin ke raguwa har la'asar. Malamin makarantar sakandare zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da takardar gwajin tsami, idan ya matse ruwan ganyen da asuba, ya kuma sake matsewa da yamma.

Ribar wannan tsari babba ce. Shinkafa da alkama da wake sukan yi asarar ruwa giram 400 zuwa 500 kafin su kama giram ɗaya na kabon-dayoksaid. Gero da dawa da masara, waɗanda suka fi su tattali, suna asarar giram 250 zuwa 300. Masu numfashin dare kuwa giram 50 zuwa 100 ya ishe su. Idan fari ya kai maƙura, wasunsu sukan rufe ƙofofin dare da rana, su riƙa juya iskar da jikinsu ke fitarwa, su zauna a haka har ruwa ya sauka. Sai dai kowace riba da nata farashin. Jakunkunan ajiyar ba sa ɗaukar fiye da abin da za su iya, saboda haka abincin da ake haɗawa a yini kaɗan ne, girman tsiron kuma a hankali yake tafiya. Kimanin kashi 6 cikin ɗari na nau'o'in tsirran duniya ne ke bin wannan hanya, ciki har da abarba da kabar giwa da moda da kaktus. Ƙarya da aguwa kuwa tasu dabarar ita ce zubar da ganye idan rani ya shigo, su dogara da abin da suka tara a jiki.

Na gida da aka raina

Wanda zai kafa irin wannan lambu a ƙasar Hausa ba ya bukatar aikawa ƙetare. Tun a 1916 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma a cikin abin da ya tattara daga bakin manoma da maharba da masu magani akwai da yawa daga cikin waɗannan tsirrai.

Ƙarya, wadda masana ke kira Adenium obesum, ita ce sarauniyarsu wajen ƙawa. Gindinta a kumbure yake kamar tulu, rassanta gajeru, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya, take fitar da furanni masu launin ja-ja da fari. Ana danganta sunanta da karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, domin da wuya a ga 'ya'yanta a cikin gari. A haƙiƙa tana yin 'ya'ya, wasu kwasfa biyu masu kama da ƙaho, cike da iri mai gashi da iska ke ɗauka. Sai dai yawanci furen yana bukatar garin fure daga wata bishiyar dabam kafin ya ɗaura, waɗanda ke cikin gari kuwa sau da yawa rassa ne da aka yanko daga uwa ɗaya. A yau wannan tsiro da ke fitowa shi kaɗai a dajin Sahel ya zama hajar kasuwa a Tailan da Taiwan, inda aka samar da launuka iri-iri daga gare shi.

Kabar giwa, wadda wasu ke kira zabuwa saboda ɗige-ɗigen da ke jikin ganyenta, 'yar dangin Aloe ce mai nau'i fiye da 500. Wadda ke fitowa a dajin Afirka ta Yamma, Aloe buettneri, ganyenta yakan bushe da rani, gindin ya kwanta a ƙasa har damina ta dawo. 'Yar'uwarta Aloe vera, da ake sa wa a man shafawa da sabulu, ba ta zubar da ganye, don haka ta fi dacewa da lambu. Wani bincike da masanan lambun tsirrai na Kew a Ingila suka jagoranta, aka buga a 2015, ya nuna cewa danginta na kusa suna yankin Larabawa ne. Kusan kashi 99 cikin ɗari na yauƙin da ke cikin ganyenta ruwa ne.

Aguwa, wato Euphorbia balsamifera, ita ce shingen talaka tun daga Senegal har gaɓar Tafkin Cadi. Reshenta kawai ake sara a kafa a ƙasa a ƙarshen rani, sai ya kama da ruwan farko. Dabbobi ba su cika damunta ba, kuma a Nijar ana jera ta a kan tuddan yashi don ta tsayar da su daga binne gonaki. Ƙerana, wato Euphorbia kamerunica, takan tashi kamar sanduna masu kusurwa da ƙaya, har ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke kan tsaunin Jos ya ga yadda aka kewaye gidaje da gonaki da irinta, kuma a zamanin yaƙe-yaƙe ita ce ganuwarsu.

Moda tsiro ne mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba. Daga zarenta ake tufka igiya da tsarkiyar baka. An daɗe ana kiran danginta Sansevieria, amma nazarin ƙwayoyin gado ya sa masana suka mayar da su cikin dangin Dracaena. Ta fi sauran jure inuwa, don haka ita ce ta dace da zaure da baranda da ofis. Karan masallaci kuwa ɗan ƙaramin tsiro ne marar ganye, mai karare masu kusurwa huɗu, da ke son tsagin duwatsu. Sunansa na kimiyya, Caralluma dalzielii, an raɗa shi ne don girmama wancan likita da aka ambata.

Yadda ake kafa lambun

Tunanin tsara lambu bisa ƙarancin ruwa ya sami suna a 1981, lokacin da ma'aikatar ruwa ta birnin Denba a jihar Kolorado ta Amurka ta fara wayar da kan mazauna birnin a kansa, bayan ta lura cewa ban ruwan ciyawa yana cinye kaso mai yawa na ruwan gidaje a lokacin zafi. Ƙa'idojin ba su da wuya, sai dai dole a daidaita su da yanayin kowace ƙasa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a ƙasar Hausa markar watan Agusta ta fi bazara kashe waɗannan tsirrai. Saiwa ma tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta a gindi kwana biyu ko uku, iska ta ƙare a cikin ƙasa, saiwar sai ta shaƙe, ƙwayoyin fumfuna su shige ta, ruɓewa ta hau har kara. Saboda haka wurin da za a zaɓa ya zama mai ɗan gangare, nesa da indararo da bakin kwata. Mai lambun fadama yana yin fangali ne a ƙasa-ƙasa don ruwa ya tsaya. A nan akasin haka ake so, wato a tayar da tudu mai tsayin santimita 20 zuwa 30, don ruwa ya wuce da sauri.

Na biyu shi ne haɗin ƙasa. Awon da ya dace da yawancinsu shi ne kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, da kwano ɗaya na dakakken jan bulo ko marmara ko gawayi. Ana iya barbaɗa ɗan takin da ya riga ya ruɓe sarai, amma ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A guji laka da yumɓu. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa haɗin, a dunƙule shi a hannu, idan aka buɗe hannu ya wargaje to ya yi, idan kuwa ya tsaya kamar ƙwallon fura to a ƙara yashi. Wanda zai shuka a tukunya ya zaɓi ta ƙasa irin wadda maginan tukwane ke yi, domin jikinta yana fitar da laima kamar yadda randa ke yi, tana kuma sanyaya saiwa. Lalle ne a huda gindinta. Bokitin roba yana riƙe ruwa, baƙinsa kuma yana dafa saiwa idan rana ta buge shi.

Na uku shi ne dashe. Kabar giwa da moda suna fitar da 'ya'ya a gindi, sai a ɓalle su da 'yar saiwarsu. Ƙarya da aguwa da ƙerana da karan masallaci kuwa reshe ake yanka da wuƙa mai kaifi da tsafta. Kada a dasa reshen a ranar da aka yanke shi. A ajiye shi a inuwa mai iska, ƙarami kwana 3 zuwa 5, mai kauri mako ɗaya zuwa biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Ta ɗanyen rauni ne ruɓewa ke shiga. Bayan an dasa a jinkirta ban ruwa kamar mako guda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, domin tsiron ya kafa saiwa da ruwan farko, ya yi ƙarfi kafin marka. Mai son ƙarya mai babban gindi ya nemi irinta ya shuka, saboda wadda aka samu daga reshe ba ta cika kumbura sosai ba.

Na huɗu shi ne ban ruwa. Ƙa'idar ita ce a shayar sosai har ruwa ya fita ta ƙasan tukunya, sa'an nan a bari ƙasar ta bushe sarai kafin a sake. Yayyafa ɗan ruwa kullum ya fi cutarwa, domin yana jiƙa wuyan tsiron, bai kuma kai ga saiwa ba. A tura yatsa ko tsinke cikin ƙasa, idan ya fito da danshi a dakata. A bazara na tukunya sukan so ruwa sau ɗaya a mako ko kwana goma. A hunturu, lokacin da girmansu ke tsayawa, sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa. Da damina ba a ba su komai, na tukunya ma gara a janye su ƙarƙashin rumfa idan marka ta kama. Waɗanda aka dasa a ƙasa, idan nau'in gida ne kuma sun shekara guda, suna iya ƙetare rani da ban ruwa sau ɗaya a wata ko ma babu. Ruwan alwala da na wanke hatsi da kayan miya ya wadatar, amma ruwan wanki mai garin sabulu yana tara gishiri a ƙasa. Tsiron da kansa yana ba da labari: ganyen da ya yanƙwane yana jin ƙishi, wanda ya yi laushi ya koma rawaya kuwa ruwa ne ya yi masa yawa.

Na biyar shi ne haske da kulawa. Yawancinsu suna son rana ta awa 4 zuwa 6, musamman ta safe. Wanda aka saya daga inuwar masu sayar da furanni kada a fitar da shi tsakar rana kai tsaye, a saba masa a hankali cikin mako biyu, in ba haka ba fatarsa za ta ƙone, tabon kuma ba ya gogewa. Wanda haske ya yi wa kaɗan zai miƙe siriri, launinsa ya koɗe. A rufe saman ƙasar da tsakuwa maimakon busasshiyar ciyawa, don tana rage tashin laima, tana hana ciyawa tsirowa, ba ta kuma gayyatar gara. Ƙurar hunturu tana toshe 'yan ƙofofin numfashi, saboda haka a riƙa goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Idan aka ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a hammatar ganye, a wanke su da ruwan sabulu marar ƙarfi ko jiƙon 'ya'yan dalbejiya. Daga ƙarshe, a ware masu ajiyar ruwa a gefe guda, kada a gauraya su da furanni masu son ruwa kullum, domin abin da zai rayar da wancan shi zai kashe wannan.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Tsiron da ya tara ruwa a inda kowa ke jin ƙishi dole ya tanadi makamin kare kansa. Madarar ƙerana da ta tinya tana ƙona fata, idan kuma ta shiga ido tana iya kai wa ga makanta. A jikin tinya, wato Euphorbia poissonii, masana suka gano wani sinadari da suka raɗa wa suna tinyatoksin, daga sunan tsiron na Hausa. Akwai kuma ɗan'uwansa rezinifiratoksin, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin barkono kusan sau dubu, kuma likitoci a Amurka sun gwada shi wajen kashe raɗaɗin ciwon daji. Ruwan jikin ƙarya yana ɗauke da dafin da ke taɓa bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassa da dama na Afirka suka yi amfani da shi a bakin kibiya. Don haka mai yankan waɗannan tsirrai ya sa safar hannu, ya kare idonsa, ya wanke wuƙarsa. Idan madarar ta shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na minti 15 zuwa 20, a garzaya asibiti. Kada a dasa su inda yara ke wasa ko kusa da turken dabbobi. Ita ma kabar giwa, ruwan rawaya mai ɗaci da ke ƙarƙashin fatar ganyenta yana sa zawo mai tsanani, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin maganin wanke ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba a 2002. Mace mai juna biyu ta nisance shi.

Haɗari na biyu daga baƙin tsirrai yake. Kaktus mai faffaɗan kara, wato Opuntia, abinci ne a Meziko da yankin Tigirai na Habasha. Amma da aka kai danginsa Ostireliya ya ƙwace, har zuwa 1925 ya mamaye kadada kusan miliyan 24, ya kori manoma da makiyaya daga filayensu. Sai da aka shigo da wani ɗan malam-buɗe-littafi daga Ajantina, wanda tsutsarsa ke cin karan, sa'an nan aka shawo kansa. Makiyayan Laikipiya a Kenya sun sha irin wannan wahala da wani nau'insa. Duk guntun da aka yar a juji zai iya tsirowa, saboda haka a busar da shi a ƙone.

Haɗari na uku kuwa a kan tsirran yake. Yankin Karu na Afirka ta Kudu da Namibiya yana ɗauke da kusan sulusin nau'o'in masu ajiyar ruwa na duniya, kuma daga 2019 ɓarayi suka tsananta tone su don sayar wa masu sha'awa a ƙetare, har wasu nau'o'in suka kusa ƙarewa a mazauninsu. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya da Nijar ke ciki, ta sa ido a kan cinikin kaktus da dangin Aloe da Euphorbia masu ajiyar ruwa tsakanin ƙasashe. Tsohuwar ƙarya mai babban gindi ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka. Tumɓuke ta daga daji asara ce, alhali reshe ɗaya ko 'yan ƙwayoyin iri sun isa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙawata muhalli a ƙasa mai ƙarancin ruwa abu ne mai yiwuwa, muddin aka zaɓi tsiron da ya dace da ƙasar. Ciyawar shimfiɗa da yawancin furannin da aka saba gani a harabar ma'aikatu an kwaikwayo su ne daga ƙasashen da ruwa ke sauka kusan duk shekara. Aguwa da ƙerana da moda da ƙarya kuwa a nan suka tashi, kuma reshensu ba ya fi ƙarfin aljihun kowa. Akwai aiki a gaban sassan nazarin halittu na jami'o'i da kwalejojin ilmi, na tattara waɗannan nau'o'i a lambunan bincike, da rubuta sunayensu na Hausa da Fulfulde da Barbarci tun dattawan da suka san su suna raye, da kuma raba dashe ga makarantun firamare da sakandare. Hukumomin raya birane su ma za su rage kuɗin tankar ruwa idan suka jera su a shataletale da tsakiyar tituna. Shi kuwa magidanci, tukunyar ƙasa ɗaya mai huda a gindi, da kwano biyu na yashi, da ɗan kabar giwa daga gidan maƙwabci sun ishe shi farawa a ƙarshen bazara mai zuwa.